Na sayi sandar sinuka ta hannu a intanet, ta zo da aibi: mene ne hukuncin cinikin?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Na sayi sandar sinuka ta hannu, mai haɗi biyu, a wata kasuwar intanet. Mai ita ya rubuta cewa miƙaƙƙiya ce, a ƙasa kuma ya ƙara da cewa "yadda take aka saya, ba a dawowa". Ranar da ta iso na mirgina ta a kan tebur, na ga bakinta yana tsalle. Nan take na tura masa bidiyo, sai ya ce lafiya lau ta bar hannunsa, wataƙila zafin hanya ne. Da ya yi ta ja mini rai sai na ci gaba da wasa da ita kusan mako biyu. Daga baya na kai a sauya fatar bakin, mai gyara ya nuna mini tsaga a farin zoben da ke ƙarƙashin fatar, cike da shuɗin alli. Masu kasuwar suna iya mayar mini da kuɗina gaba ɗaya idan na kai ƙara. Ya halatta in kai? In an biya ni, sandar ta zama tawa?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Kai ƙara ya halatta gare ka. Haɗa kuɗin da sandar a hannunka kuwa bai halatta ba, sai da yardar mai ita. Ga dalili.

Asalin cinikin ingantacce ne. Sandar kayan wasa ce, kuma da yawa daga malaman zamani sun halatta wasan idan babu caca a ciki, bai kuma shagaltar daga salla ba. In tuna maka a gurguje: al'adar nan ta "wanda aka cinye shi zai biya kuɗin tebur" malamai da yawa suna lissafa ta a cikin caca, sai a kiyaye. Ƙulla ciniki ta na'ura ma ba matsala ba ne. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tabbatar da ingancinsa a zamanta na Jidda a 1990. Abin da ka saya shi malamai ke kira sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffantawa. Malikiyya sun halatta shi, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala. Idan kaya ya zo daidai da siffar, ciniki ya lizimta. Idan ya saɓa, mai saye yana da zaɓi. Hanafiyya ma sun fi haka sassauta wa mai saye, domin sun ba shi zaɓi da zarar ya ga kayan da idonsa, ko da bai saɓa ba.

To me ake kira aibi a kayan da aka riga aka yi amfani da shi? Nan ne masu saye suka fi wuce gona da iri. Wanda ya sayi sanda ta hannu ya san zai tarar da ƙarzuwa a fenti, da duhun hannu a jikin katako, da fatar baki da ta sha duka ta lanƙwashe. Wannan tsufa ne, kuma saboda shi aka rage maka farashi tun farko, don haka ba ka da magana a kansa. Aibin da shari'a ke dubawa shi ne wanda ke rage darajar kaya ko amfaninsa a wurin ma'abota sana'ar. Sanda kuwa amfaninta kacokan a miƙewarta yake. Bakinta ɗan siriri ne ƙwarai, kuma da shi ake neman tsakiyar ƙwallo. In katakon ya kantare, abin da aka saye ta dominsa ya tafi. Balle ga shi mai sayarwa da kansa ya rubuta cewa miƙaƙƙiya ce, ya mayar da siffar sharaɗi a wuyansa.

Sai dai ina so ka sake gwajin kafin ka ɗora wa mutum laifi. Kwance ta, ka mirgina kowane ɓangare shi kaɗai a kan tebur mai daidaito. Wani lokaci kowane yana tafiya sumul, sai an ɗaura su tsallen ke bayyana. A nan matsalar a mahaɗin take, kuma sau da yawa datti ne a fuskar mahaɗin, gogewa ke raba shi da ita. Ɗan hasken da ake gani tsakanin tebur da siririn ɓangaren ma ba lallai aibi ba ne, haka ake feƙe wasu sanduna. Abin lura shi ne bakin yana ɗagawa yana sauka yayin da take juyawa.

Maganarsa ta "ba a dawowa" ba za ta fishe shi ba idan ya san aibin ya yi shiru. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa dirhami 800 bisa sharaɗin babu ruwansa da aibi. Mai saye ya gano wata cuta, aka je gaban Usman ɗan Affan, sai ya hukunta cewa Ibn Umar ya rantse bai san da cutar ba lokacin da ya sayar. Ibn Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa, daga baya ya sayar da shi dirhami 1500. Ka ga ko sahabi mai tsantseni irin wannan, sharaɗin bai rufe masa ƙofar tambaya ba. Mashahurin zance a mazhabar Malik ma shi ne irin wannan sharaɗi ba ya aiki a kayayyaki irin su sanda ko tufa. Hanafiyya sun inganta shi, amma babu wanda ya halatta ɓoye aibi da gangan. Annabi (SAW) ya cusa hannunsa a tarin abinci ya ji danshi a ciki, ya ce da mai shi me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Muslim ne ya ruwaito. A wurina, wanda ya ɗauki hotuna goma na adon gindin sanda bai ɗauki ko ɗaya na zoben da ya tsage ba, shi ma ya binne jiƙaƙƙen abinci ne a ƙasa.

Uzurin zafin hanya fa? Gaskiya ne katako yana motsi da zafi da danshi, shi ya sa ake hana barin sanda a but ɗin mota ko jingine da bango. Amma ko mun yarda a hanya ta kantare, asarar tasa ce. A wurin Malikiyya, kayan da aka saya ba ya wurin ciniki, in ba gida ko fili ba, yana cikin lamunin mai sayarwa har mai saye ya karɓa, sai fa in an yi sharaɗin akasin haka. Da kai ne ka ɗauko mai jigila ka wakilta shi ya karɓa a madadinka, da hukuncin ya juya kanka. Saboda haka tambaya ɗaya ce ta rage: kafin ta shiga hannunka aibin ya faru ko bayan nan? Bidiyon da ka tura a ranar farko hujja ce mai ƙarfi.

Yanzu sai laifinka, ɗan'uwa. Wanda ya gano aibi ya ci gaba da amfani da kaya ta hanyar da ke rage shi, malamanmu suna ɗaukar hakan alamar ya yarda, haƙƙinsa na mayarwa ya faɗi. Mako biyu kana duka da sandar da ka ce ba ka so, wannan ya raunana da'awarka a kan kantarewar, duk da cewa ƙorafin da ka yi a rubuce yana nuna ba ka haƙura ba. Da iyakar abin ke nan, da na ce maka ka nemi sulhu kawai. Tsagar ce ta sake buɗe maka ƙofa, domin aibi ne dabam da ba ka san da shi ba sai daga baya. Ƙa'idar ita ce, idan masana suka yanke cewa aibi tsoho ne, maganar mai saye ake bi. Idan suka yanke sabo ne, ta mai sayarwa. Idan zai iya zama ko wanne, maganar mai sayarwa ce tare da rantsuwarsa, domin hujja a kan mai da'awa take, rantsuwa a kan wanda ya musa. Sabuwar tsaga fara ce tas, wadda alli ya cika ta har ya yi duhu kuwa ta ga kwanaki. Amma kai ma ka goga alli na mako biyu, don haka kada ka yanke wa kanka hukunci. Ka nuna wa mai gyara guda ko biyu da ba su da wata riba a rigimar, su faɗi abin da suka gani. Sauya fatar baki ƙaramin canji ne, in an yi shi da kyau ba ya hana mayarwa.

Idan sun ce tsohuwa ce, kana da zaɓi biyu: ka mayar ka karɓi kuɗinka cif, ko ka riƙe ta a farashin da ka saya. Riƙewa tare da tilasta masa rangwame ra'ayin Hanbaliyya ne. Jamhuru sun ce sai da yardarsa. In ya yarda, sulhu ne mai kyau, kuma ga yadda ake lissafi: a ƙiyasta darajarta lafiyayya da darajarta da aibi, in bambancin ya kai kashi 30 cikin 100, a cire kashi 30 daga kuɗin da ka biya, ba daga farashin sabuwa ba. Kuɗin aika ta kuwa, in ya tabbata ya san aibin ya ɓoye, a kansa yake. In bai sani ba, ku bi ƙa'idar kasuwar da kuka amince da ita lokacin rajista, domin musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Game da ƙarar, ka rubuta abin da ya faru yadda ya faru, har da cewa ka yi wasa da ita ka kuma sauya fata. Kada ka ce kaya bai iso ba alhali ya iso, kada ka ƙara gishiri. Ma'aikacin da zai duba ƙorafinka bai taɓa riƙe sandar ba, hoto da rubutu kawai yake gani, kuma Annabi (SAW) ya faɗa a hadisin Ummu Salama cewa wani yakan fi wani iya tsara hujja, duk wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa to guntun wuta aka yanko masa. Hukuncinsu ba ya halatta maka abin da ba naka ba. Da zarar kuɗi sun dawo, ciniki ya warware, sandar ta koma mallakarsa, a hannunka amana ce. Ka daina wasa da ita, ka sa ta a jakarta, ka rubuta masa ya turo adireshi. In ya ce ka riƙe, kyauta ce, ta halatta. In ya yi shiru, ka ci gaba da ajiye masa kana tuntuɓarsa.

Idan kuma masanan sun kasa yankewa, shi kuma ya rantse bai aiko ta da tsaga ba, to ba ka da ikon tilasta shi a kan tsagar. Abin da ya rage shi ne ka roƙe shi ya warware cinikin don Allah ko ya rage maka wani abu saboda kantarewar, ka tuna masa hadisin Abu Dawud cewa wanda ya karɓi warwarar ciniki daga musulmi, Allah zai yafe masa tuntuɓensa.

Wallahu a'alam.