Badminton a Damagaram: raga da iskar hunturu

Tambaya: Malam, ƙanena da ke karatu a Indiya ya aiko wa yarana raket biyu da ƙwallo mai gashin tsuntsu. Ya ce sunan wasan badminton, wai a can har gwamnati na zuba masa kuɗi. Mu da muka san kokowa da ƙwallon ƙafa, anya wannan zai kai yaro wani wuri? Daga wata uwa, unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Hajiya, ƙanenki bai yi ƙari ba. A can ƙasar ma wasan ya girma, a garin Puna, hannun hafsoshin sojan Ingila, kafin a kai shi Ingila a raɗa masa sunan wani gidan sarauta. Amma ba Turawan Ingila ne suka fi cin moriyarsa ba. Da aka shigar da shi gasar Olamfik a Basalona a 1992, Indunusiya ta ɗauki zinariya biyu, ta Susi Susanti da ta Alan Budikusuma, kuma su ne na farko a tarihin ƙasar. Indiya kuwa ta samu P. V. Sindhu, zakarar duniya a 2019, sannan mazansu suka ci Kofin Tomas, wato gasar duniya ta ƙungiyoyin maza na ƙasashe, a 2022. Yaro in ya ga ɗan ƙasarsu ya ɗaga kofi, sai ya nemi raket. Haka muka ga yara sun yi ta sha'awar taikwando bayan Alfaga, ɗan wasan Nijar, ya dawo da azurfa daga gasar Olamfik ta Riyo a 2016. Ko nan maƙwabta, Mariam Eniola Bolaji ta ciyo wa Najeriya tagulla a badminton, a gasar nakasassu ta Paris a 2024.

Sai dai bari in faɗa miki inda gizo ke saƙa. Ƙwallon nan gashi 16 ne aka dasa a kan ɗan toshe, nauyinsa wajen giram 5. Na taɓa ɗaura raga a filin wata lakwal a Zango cikin hunturu. Bugun farko iska ta ɗauke ƙwallon ta haye katanga da shi, muka same shi a bakin akuyar maƙwabta, saura gashi uku. Shi ya sa ake gasar cikin rufaffen zaure, kuma irin zauren nan shi ne babban abin da muke ƙaranci.

Kada wannan ya hana su. Ki adana na gashin, ki nemo musu na roba, ya fi jure wahala. Tsakar gida mai doguwar katanga ta isa, da sassafe bayan asuba ko dab da magariba in iska ta kwanta. Cikakken fili mita 13.4 ne a tsawo, 6.1 a faɗi, amma ko rabinsa ya wadatar da mai koyo. A ɗaura igiyar shanya a tsayin mita ɗaya da rabi, a shata layi da toka. Kuma Hajiya, ki bar 'yan matan su ma su riƙa bugawa, tunda ba sai sun fita waje ba.