Amsa ga mai son ɗaukar ƙarar motar tsere ta da

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanina, na saurari tambayarka. Ka ce fim ɗinka yana da tseren motocin shekarun 1960, kana so ka shiga Suame Magazine, unguwar kanikawa ta Kumasi a Ghana, a tayar maka da wata tsohuwar mota a tsaye, a yi ta taka totur kana ɗauka. Don Allah kar ka yi haka. Injin da ke firi ba ya jan nauyi, ihu kawai yake yi, ya hau da sauri ya sauko da sauri. In ka ɗora shi kan motar da ke gudu a hoto, ko yaro zai ji bai zauna ba. Dole motar ta yi tafiya cikin giya, in da hali tana hawan tudu. Ga kuma guduma da ƙarar masu walda a Magazine, duk za su shige maka.

Wajen zaɓen mota, silinda za ka ƙirga, ba kyan jiki ba. Ford GT40 da ta ci tseren Le Mans a Faransa daga 1966 zuwa 1969, V8 ce, wato mai silinda takwas. Ferrari 330 P4 kuwa V12, mai silinda goma sha biyu. Lissafin kaifin muryar inji shi ne juyin inji a minti, ka raba da 60, ka ninka da rabin adadin silinda. A juyi 6000, mai silinda huɗu 200 Hz take bayarwa, wato bugu 200 a daƙiƙa, V8 400, V12 600. Shi ya sa Peugeot 504 mai silinda huɗu ba za ta taɓa zama Ferrari ba, ko ka ja muryarta sama a kwamfuta, sai dai ta koma kamar babur. Ka nemi V8 mai fetur da kafireta, a cire tukunyar salansa. Don V12, tsohuwar Benz mai silinda shida a jere ta fi kusa, ka ninka muryarta biyu wajen haɗa sauti a kwamfuta.

Makirufo aƙalla huɗu. Na salansa ya zama mai jure ƙara irin Shure SM57, tazarar santimita 30 zuwa 50, a gefe. Kar ya kalli bakin bututun, hucin zai buge shi ka samu bum-bum kawai, soson ma ya narke. Na biyu ƙarami na maƙalawa a riga, ka ɗaure shi ƙarƙashin bonet kusa da bakin kafireta, nesa da fanka. Nan ne ake jin injin yana zuƙar iska, kuma wannan zuƙar ita ce ran motar da, mutane da yawa suna mantawa da ita. Ɗaya cikin mota don kukan giya, ɗaya bakin hanya.

Abin da ya fi ɓata aiki shi ne kwayil da wayoyin fulogi. Tsofaffin motoci suna watsa wuta, sai ka ji tas-tas-tas yana bin juyin injin, kuma ba ya gogewa. Wayar makirufo mai fil uku da ake kira XLR za ka sa, ka bi da ita nesa da kwayil, ka manne ta da tef duk taki ɗaya. Ka saita na'urar ɗauka a 24-bit, 96 kHz, ka bar sarari kamar 12 dB a ma'aunin ƙarfin sauti saboda harbin da salansa ke yi in direba ya saki totur.

Ku fita bayan sallar asuba kafin trotro, ƙananan bas na haya, su cika hanya, a wurin da kuka nemi izini aka rufe. Tafa hannu sau ɗaya da farko don daidaita na'urori. Ka ɗauki tayarwa, silo, sannan juyi 2000, 3000, har sama, kowanne daƙiƙa 15 a riƙe. Sai canjin giya hawa da sauka, sai wucewa ta gabanka. Motar da ke gudun kilomita 200 a awa, muryarta tana faɗuwa kusan semiton shida, wato matakan murya shida a ma'aunin kiɗa, in ta gifta ka, taka ba za ta kai haka ba, sai ka ƙara faɗuwar a kwamfuta. Kuma bakanike ya zo da ruwa da fulogi na canji, tsohon inji yana saurin zafi.