Goyon bayan koci ba takardar shiga makaranta ba ne

Yaya, kin tambaya ko sha'awar da kocin gudu na kwalejin Grinnell da ke Amurka ya nuna wa 'yarki tana nufin ta samu gurbi da tallafin kuɗi, har ku daina duba Macalester da Kenyon. Gaskiya ba ta nufin haka. Kwalejojin nan uku duk suna rukuni na uku na NCAA, hukumar wasannin kwalejojin Amurka, inda doka ta hana ba ɗalibi tallafin karatu saboda wasa, don haka abin da za a ba ku zai dogara ne ga ƙarfin aljihun iyali da ƙoƙarin yarinyar a aji. Koci yana iya sa baki, kuma bakinsa yana da nauyi, amma ofishin ɗaukar ɗalibai ne ke yanke hukunci.

Abin da na gani a lokacin ɗana shi ne, koci yakan nemi a shiga zagayen farko na neman gurbi a watan Nuwamba, wanda idan aka ɗauki yaro ya zama wajibi ya tafi can. Kada ku sa hannu sai ofishin ya duba sakamakonta tun da wuri, an kuma ba ku ƙiyasin kuɗin a rubuce. Sannan ki tambayi 'yarki ko za ta so zama a wurin idan rauni ya hana ta gudu, domin Grinnell ƙaramin gari ne a tsakiyar gonakin masara na Iowa, alhali Macalester tana cikin Saint Paul, inda masallatai da naman halal ba sa wuyar samu.