Kan jirgi mai shekara hamsin da wani abu, ya aka yi har yau yake ja?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni bakanike ne a Ƙofar Ruwa. Wani yarona ya nuna min bidiyo a waya na wani tsohon kan jirgin ƙasa mai shan gas a Ingila, wai an ƙera shi tun kafin a haife ni kuma har yau yana ɗaukar 'yan yawon buɗe ido. To don Allah ya aka yi nasu ke aiki, namu na reluwe kuwa duk sun zama kwarangwal? Daga mai karatu a Fagge.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Yaronka bai ƙara gishiri ba. Akwai layin da ake kira Severn Valley a Ingila, mil 16 ne kawai daga Kidderminster zuwa Bridgnorth, a can za ka ga kawunan jirgi samfurin Class 50 da kamfanin English Electric ya ƙera a 1967 da 1968, guda 50 aka yi gaba ɗaya, kowanne ƙarfin doki 2,700. Kuma wannan kamfanin dai shi ya ƙero wa reluwen Najeriya kawunan gas tun a shekarun 1950, ka ga ashe dangin juna ne.

Tunda kai mai sana'a ne za ka gane da wuri. Injin nan ba shi ke juya taya kai tsaye ba, janareta yake juyawa, wutar ta tafi ga injinan lantarki da ke jikin ƙafafun su kuma su ja, to babu kuloci babu giya irin ta tirela da za ta dinga cinyewa, in dai ana canja baƙin mai a kan lokaci ana duba ruwa ana sake naɗin waya in ya ƙone, ƙarfen nan zai kai jika. Sannan ba a wahalar da su, an yi su ne don gudun mil 100 a awa amma a irin wannan layi ba sa wuce 25, tarago kaɗan, tafiya gajeriya.

Amma ni abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne mutanen. Yawancinsu 'yan sa kai ne, tsofaffin direbobi da makanikai da matasa masu sha'awa, su haɗa kuɗi su sayi kan jirgin da za a kai wa 'yan gwangwan, su yi shekaru suna gyara, in sifiya ta ɓace a kasuwa su cire daga wani mataccen ko su ƙera sabuwa. Kuɗin tikiti da gudummawa ke riƙe su.

Mu nan jirgi ya iso Kano tun 1911, shi ya kwashi dalar gyaɗa zuwa Legas, layin Nguru kuma 1930, wallahi tarihin da muke da shi ya isa a ce yaranmu suna hawa suna gani. Ka ɗauka ranar Asabar ko da hutun sallah a ɗaura tarago uku daga tashar Kano zuwa Challawa a dawo, 'yan makaranta da iyalai, ai cika zai yi. Sai dai fa a fara da layin dogon, don komai lafiyar inji in katako ya ruɓe ko ruwa ya cinye ƙasan layi ba inda za a je. Hannun gyara kam, ku na Ƙofar Ruwa kuna da shi, in ka samu tsohon ma'aikacin loko, wato sashen kawunan jirgi na reluwe, a unguwarku ka zauna da shi ka sha labari.