Amsa ga Kawu: abin da ya kai mu Luksamburg tare da maƙwabtanmu

Assalamu alaikum Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Saƙonka ya iso ni, na kuma ji tambayoyin duka: me ya fitar da ni da iyali zuwa wata ƙasa alhali ba biki, ba suna, ba fatauci, me ya haɗa mu tafiya da Turawa, kuma me ya hana in tara kuɗin mu zo Sakkwato. Na san damuwa da tarbiyyar jikokinka ce ta sa ka tambaya, shi ya sa na zauna in amsa a tsanake.

Maganar zuwa gida ba ta da tsawo. Kuɗin jirgin mutum ɗaya daga nan zuwa Abuja ya kusa ɗauke dukan abin da muka kashe a wannan tafiya, domin da mota muka je, kuma daga Bonn, garin da kake jin sashen Hausa na DW daga cikinsa, tafiyar ba ta kai awa uku ba. Kuɗin zuwa gida kuwa adashinsa daban muke yi, ni da wasu 'yan'uwa na Nijar da Gana da Togo, kuma kwasata sai baɗi.

A nan Jamus hutu doka ce. Mai aikin kwana biyar a mako yana da aƙalla kwana 20 a shekara da albashinsa. Yara kuma ba a cire su daga makaranta yadda aka ga dama, uban da ya tafi da ɗansa ana tsakiyar karatu ba da izini ba tara za a ci shi. Don haka kowa kan jira hutun bazara na mako shida, a fita kusan lokaci guda. In an koma aji malama kan sa kowane yaro ya faɗi inda ya je da abin da ya gani. Yawancinmu Hausawan nan hutunmu ziyara ce, mu cika mota mu nufi Brasels ko Faris ko Hambug wajen 'yan'uwa, a ci tuwo a yi hira har asuba. Wannan zumunci ne, ba kuma za mu bar shi ba. Amma yaro yakan dawo bai ga komai ba sai falon wani gida.

Luksamburg ƙaramar ƙasa ce tsakanin Jamus da Faransa da Beljiyam. Tsawonta daga arewa zuwa kudu kilomita 82, kusan tafiyar Sakkwato zuwa Illela, mutanenta kuma ba su kai 700,000 ba, kusan rabinsu baƙi ne. Tun shekarar 2020 ba a biyan kuɗin bas ko jirgin ƙasa a cikinta, ɗan ƙasa da baƙo duk ɗaya, sai wanda ya zaɓi zaman manya a jirgi. Sai muka ajiye motoci, duk inda za mu mu hau bas da yara.

Babban birnin a kan dutse yake. A shekarar 963 wani basarake mai suna Sigfirid ya kafa ganuwarsa a kan dutsen da suke kira Bok, daga nan gari ya tashi. Sifaniyawa suka fara fafe cikin dutsen a 1644, waɗanda suka biyo bayansu suka yi ta ƙarawa, har ramukan suka kai kilomita 23, da wurin sojoji da dawaki da igwa. Bayan yarjejeniyar Landan ta 1867 aka rushe ganuwar, amma yawancin ramukan suna nan. Mun shiga da yaran. Akwai sanyi da duhu a ciki, sai ka zo wata taga da aka huda don bakin igwa, ka leƙa ka ga kwari da rufin gidaje can ƙasa. A bakin wannan taga babban ɗana ya tambaye ni ko garinmu ma yana da ganuwa. Na ce yana da ita, na lissafa masa Ƙofar Rini da Ƙofar Kware da Ƙofar Marke da Ƙofar Atiku, na ba shi labarin yaƙin Giginya na 1903. Ya ce to ina ganuwar take yanzu. Kawu, wannan tambaya ta taɓa ni ƙwarai, domin mutanen nan sun adana ramin da baƙi suka haƙa a ƙasarsu, mu kuwa ginin kakanninmu sai sunayen ƙofofi. Kai ka fi ni sanin ayoyin da suka ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance.

Mun je har Shengen, ƙauyen da ke bakin kogin Mosel inda iyakokin ƙasashe uku suka haɗu. A nan ƙasashe biyar suka sa hannu a cikin jirgin ruwa ranar 14 ga Yuni, 1985, kan buɗe iyakokinsu, kuma sunan ƙauyen ne a kan bizar da mutanenmu ke shan wahalar nema a Abuja da Legas.

Sai maganar Turawan, wadda na san ita ce ta fi tsaya maka a rai. Maƙwabtanmu ne, ƙofa da ƙofa. Lokacin da mai ɗakina ta kwanta asibiti wajen haihuwar autarmu, matar gidan ce ta riƙa kai yaranmu makaranta tana ɗauko su. A nan ba a faɗa wa gidan mutum ba sanarwa, ba zaure, ba dakalin ƙofar gida da za a zauna bayan la'asar. In Bajamushe ya ce ku yi hutu tare, to ya kai maƙurar yarda da kai ke nan. Ƙin amsawa ba dalili yanke hulɗa ne da wanda ya tsaya mana ranar da danginmu ke nesa.

Kafin a tashi mun zauna mun faɗa musu sharuɗɗanmu, su ma ba sa son kwana-kwana, sun fi son a fito fili. Kowane iyali da nasa masauki. Ba giya a inda muke cin abinci, ba naman alade. Mai ɗakina ta ɗauki tukwanenta da yaji da kuɓewa busasshiya da dambun naman da ta yi da naman da muke saya wajen mahautan Turkawa, ni kuma buta da darduma ba sa barin bayan motata. Gefen Mosel duk gonakin inabi ne, ranar da maƙwabtan suka so zuwa ɗanɗana giya sai suka tafi su biyu, mu muka riƙe yaran duka, nasu da namu, a bakin ruwa har suka dawo.

Salla kuwa kasaru muka yi, tunda ba mu yi niyyar zaman kwana huɗu ba. A watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, saboda haka Azahar da La'asar ne ke riskarmu a waje. A Vianden, wani gari a arewacin ƙasar, ƙarƙashin tsohuwar fadar da ke kan tudu, muka yi alwala da ruwan gora muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa gefen wurin ajiye motoci. Ƙanwar abokin ɗana ta taho a guje za ta gifta ta gabanmu, yayanta ya riƙo hannunta ya zagaya da ita ta baya, ba wanda ya ce masa ya yi. Ɗana ya gani. Abin da nake so ke nan, ya ga ubansa ya tsaya salla a gaban mutanen da yake zaune da su kullum ba tare da ɓoyo ba, domin a cikinsu zai yi karatu, a cikinsu zai nemi abinci.

Abu ɗaya da har yau yake mana nauyi shi ne lissafi. Maƙwabcina yana rubuta duk abin da aka kashe, daren ƙarshe ya fito da takarda a raba daidai har kwabo. Su a wurinsu adalci ne, don kada wani ya tafi da nauyin wani. Na yarda a raba kuɗin masauki da na shiga wuraren kallo, amma na ce abincin da aka dafa a tukunyarmu ba ya shiga takarda. Ya yi ta musu, da ya ga ba zan sauka ba sai ya riƙa sammako yana sayo burodi mai zafi na gida biyu.

Ba duka jama'armu suka yarda da irin wannan tafiya ba. Akwai dattawa a nan da ke ganin barinta ya fi, ina kuma girmama su, domin iyalin da ba zai iya faɗin sharaɗinsa ya tsaya a kai ba gara ya zauna gida.

Baɗi in Allah ya kai mu muna nan tafe da hutun bazara. Ina roƙon Kawu ya samo mana wanda ya san tarihi sosai, ya zagaya da yaran Hubbare da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ƙofofin gari, in hanya ta yi kyau har Degel. Sun saba da tambaya, za su gajiyar da shi, a gaya masa tun da wuri. A gaishe da Inna da dukan mutanen gida.