Furen lili na Peru zai rayu a tsakar gida a Garwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Lokacin bikin ƙanwata an kawo mana furanni daga Yawunde, a ciki har da wani mai ɗigo-ɗigo da aka ce sunansa lili na Peru. Ya yi kusan mako biyu a cikin ruwa bai yi yaushi ba. An ce idan aka dasa shi sau ɗaya, duk shekara zai riƙa fitowa da kansa. Zan iya dasa shi a gidana nan Garwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da aka gaya miki gaskiya ne, furen yana shekaru a wuri ɗaya, amma a ƙasar da ke da sanyi. Masana suna kiransa Alstroemeria, sunan da masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa masa don karrama abokinsa ɗan Suwidin, Clas Alströmer. Asalinsa Kudancin Amurka ne, musamman Chile da Brazil, kuma manyan gonakinsa a yau suna Holan da tsaunukan Kolombiya da na Kenya.

Ƙarfinsa duka yana ƙarƙashin ƙasa, cikin saiwoyi farare masu kauri da ke ajiye ruwa da abinci. Shi ya sa karan da aka kawo miki ba zai yi saiwa ba, ko kin kafa shi a ƙasa. Sai kin samo saiwar, ko dashen da ya riga ya kama a tukunya.

Babbar matsalar ita ce zafin ƙasar da saiwar take ciki. Yana son ta tsaya wajen digiri 13 zuwa 16. Da zarar ta haura 21, sai ya daina fure, ya koma yin ganye da kumbura saiwa. To, kin san Garwa a watan Maris da Afrilu, zafin rana yana kaiwa digiri 40. Idan kin dasa shi a fili, ba na zaton zai ga damina. Haka abin yake a Marwa da Injamena. Mutanen Ngaundare, da suke kan tudu mai tsayin mita 1,100 ko makamancin haka, su ne ke da dama, su ma sai da inuwa.

Idan ranki ya nace, kada ki sa shi a ƙasa. Nemi babbar tukunyar yumɓu mai huda a gindi, domin yumɓu yana sanyaya abin da ke cikinsa kamar yadda randa take sanyaya ruwa. Bokitin roba kuwa dafa saiwar zai yi. Ki haɗa ƙasa mai laushi da yashi da takin da ya ruɓe sosai, ki binne saiwar wajen santimita 15 a hankali, don tana saurin karyewa. Ki dasa a watan Nuwamba, farkon hunturu, ki ajiye inda hantsi zai taɓa shi amma ya shiga inuwa kafin azahar, sannan ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa. Ban ruwa da sassafe, daidai yadda ƙasar za ta yi danshi. Ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe, don haka a watan Agusta ki matsar da tukunyar ƙarƙashin rumfa.

In Allah Ya sa ya yi fure, ba a yanka shi da wuƙa. Ana kama karan daga gindi a fizge, hakan ne ke sa saiwar ta turo sabo. Ki sa safar hannu, ruwan jikinsa yana sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje.

Ni dai da za ki bi tawa, ki ɗauke shi furen hunturu ɗaya, in ya tsallake bazara ki gode wa Allah. Furen da zai zauna miki shekara da shekaru a Garwa shi ne ƙariya, wadda take fitowa da kanta a dazukanmu, tana fure ja-ja a tsakiyar rani ba tare da wahalar ban ruwa ba. Sai dai ruwanta guba ne, ki dasa ta inda yara da awaki ba sa kaiwa.