Wace irin kula zan saya don kwanan gona da fita kamun kifi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Daura ne, muna noman rani a wajen Dam ɗin Sabke. Lokacin kwasar tumatir mukan yi kwana biyu zuwa uku a can, mu biyar, wani lokaci kuma mukan fita kamun kifi da abokai mu kwana. Kula biyu na saya a baya. Ta farko murfinta ya ɓalle a bayan a-kori-kura, ta biyun kuma kafin la'asar ƙanƙarar ta zama ruwa. Yanzu ina so in sayi mai ƙwari sau ɗaya in huta. Wani ya ce in nemi irin ta Amurka mai tsada. Me zan duba? Sannan yayana yana da ciwon suga, yana tafiya da allurar insulin, ko za mu iya ajiye ta a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a noman, ya ba Yaya lafiya. Sana'ata gyaran firiji da harkar ƙanƙara a nan Katsina, don haka koken nan naka ina jin sa kusan kowace bazara. Kulolin nan biyu da suka ba ka kunya, kowace da cutarta daban, kuma idan ka gane cututtukan biyu ba wanda zai ƙara sayar maka da gaibu.

Mu fara da wadda ƙanƙararta ta narke. Kula ba ta yin sanyi da kanta. Aikinta kawai ta rage gudun zafin waje, kada ya isa ga abin da ke ciki da wuri. Abin da ke tare zafin kuwa shi ne soson da aka cusa tsakanin robar waje da ta ciki. Mafi kyawunsa shi ne foliyuretan, irin wanda ke cikin bangon firiji, ana ɗura shi yana kumfa ya cike kowane lungu sannan ya daskare. Masu araha suna sa farin soson nan mara nauyi da ake tallafe sabuwar talabijin da shi a kwali, wasu ma ba sa sa komai sai iska. A murfi aka fi yin wannan ha'incin, domin ba kowa ke dubawa ba. Za ka ga jikin kula da ɗan kauri amma murfin holoƙo, alhali shi ne ke kallon rana tun hantsi. Ina da yaƙinin kularka ta biyu irin wannan ce.

To in ka je gaban mai kaya, kada ka tsaya kallon launi da suna. Buɗe murfin ka kama bangon da yatsu ka ji kaurinsa. Na kulolin gama-gari yakan tsaya a santimita 2 zuwa 3, na masu riƙe ƙanƙara kwanaki kuwa yakan kai santimita 5 ko fiye. Ƙwanƙwasa murfin da bayan yatsa. In ya amsa da ƙara kwam-kwam, babu komai a cikinsa, in kuma ka ji sautin a dushe, akwai soso. Danna tsakiyarsa da tafin hannu, in ya lotsa ka ajiye. Sai ka duba bakin murfin ko akwai roba mai taushi da ta zagaye shi kamar ta ƙofar firiji. Sa takarda a bakin ka rufe, ka ja. Idan ta zame ba tare da ta cije ba, iskar zafi ma haka za ta riƙa shiga. Ka gwada a kusurwoyi huɗu, ba gaba kaɗai ba. Mai kayan da ya amince da hajarsa ba zai hana ka wannan ba.

Sai ta farkon, wadda murfinta ya ɓalle. A ƙasar nan ba tsufa ke kashe kula ba, hanya ce da rana. Robar da ke shan rana kullum tana bushewa ta yi gautsi, sai gargadar hanyar gona ta ƙarasa ta. Wurin da ke fara mutuwa shi ne mahaɗin murfi da jiki. A kulolin araha za ka ga wata siririyar roba ce aka ɗaure da ƙananan kusoshi, tana lanƙwasawa duk lokacin da aka buɗe, wata rana ta tsage. A mai ƙwari kuwa, murfin da jikin suna shiga juna, sandar ƙarfe ta ratsa su daga gefe zuwa gefe. Maƙallin gaba ma ka fi son na roba mai talewa wanda ake ja a maƙala, don yana matse murfin sosai, kuma in ya tsinke ana iya canza shi. Hannayen ɗauka su zama ko dai an zuba su tare da jikin, ko na igiya mai kauri da za ka iya sake ɗaurawa da kanka a gona. Ka kuma duba toshiyar da ake zubar da ruwa ta ƙasa: wadda ake murzawa, mai zoben roba, ita ce ba ta yoyo. Wadda ake turawa kawai takan faɗi a hanya ba ka sani ba.

Irin ta Amurkan da aka ba ka labari, bambancinta a yadda ake ƙera ta yake. Ana zuba garin roba a cikin mazubin ƙarfe mai siffar kular, a rufe, a riƙa juya shi cikin zafi har robar ta narke ta lulluɓe ko'ina ta fito gunduma guda ba ɗinki, kusurwoyinta da kauri. Haka ake yin manyan tankunan ruwa na roba da muke ɗorawa a saman gidaje, shi ya sa suke jure duka. Kamfanin YETI, wanda wasu 'yan'uwa biyu, Roy da Ryan Seiders, suka kafa a Texas a 2006, shi ya yaɗa wannan salon a kulolin tafiya, daga baya wasu da yawa suka bi sahu, har da masana'antun Sin da ke yin irinta da rahusa. Tsofaffin kamfanoni irin su Coleman da Igloo kuwa sun fi shahara da marasa nauyi, ko da yake su ma suna da masu kaurin bango.

Ko ta cancanci kuɗinta? Ƙwari dai tana da shi, za ka iya zama a kanta, a ɗora mata buhu, ta faɗo daga mota ba ta fashe ba. Amma ka san abin da kake biya. Asalinta ɗaruruwan daloli ce kafin a yi maganar dako da kwastan. Wani ɓangare na kuɗin na suna ne, wani kuma na abubuwan da suka shafi dazukansu, kamar shaidar cewa dabbar beyar ba za ta iya buɗe ta ba. Tana da nauyi, matsakaiciyar ma takan kai kilo 10 ba komai a ciki, kuma kaurin bango yana cinye wuri. Lambar da ke jikin sunanta ba lallai ta zama lita ba: Tundra 45 ta YETI ba ta kai lita 40 ba. A ganina, ga mai kwana biyu zuwa uku, abin nema shi ne ƙirar, ba tambarin ba. In ka samu mai zubi ɗaya ta wani kamfani da farashin da aljihunka zai ɗauka, kuma ta ci gwajin da na lissafa, ɗauke ta, domin kai a bayan a-kori-kura kake yawo da ita. In ba ta samu ba, mai kaurin bango ta gama-gari wadda murfinta ke da soso za ta kai ka kwana biyu lafiya, sai dai ka lallaɓa ta. Ka yi hattara da jabu, don duk abin da ya yi suna sai an kwaikwaye shi. In kuma ta gwanjo ce, ɗaga ta ka ji. Nauyin da ya wuce kima ko warin ruma alama ce ruwa ya shiga soson ta wata tsaga, kuma soson da ya jiƙe ya gama aiki.

Maganar girma, mutane suna auna kayan da za su sa su manta da ƙanƙara. Masu ƙera kulolin nan da kansu suna ba da shawarar kashi biyu ƙanƙara, kashi ɗaya kaya. Ke nan kula mai lita 60 kayan lita 20 kawai za ta ɗauka in ana son kwanaki. Ku biyar, da ni ne, ba zan sayi ƙatuwa guda ba. Zan sayi mai kyau ta lita 45 zuwa 60 don nama, kifi da abin miya, wadda ba a buɗewa sai lokacin girki, sannan in riƙe wata mai araha don ruwan sha da lemo, wadda kowa ke kai wa hannu. Ƙatuwar lita 100 in ta cika mutum biyu ma da ƙyar suke ɗaga ta, in kuma rabinta babu komai, iskar da ke ciki ita ke cin ƙanƙarar. Ka zaɓi fara ko mai haske. Baƙa da shuɗiya mai duhu suna zuƙar rana.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai, domin na ga mutane da kula mai tsadar gaske suna zagin ta, alhali hannunsu ne ya cuce su. Kilo ɗaya na ƙanƙara kafin ya narke yana shanye zafi daidai da zafin da zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa 80. Wannan shi ne jarinka, kuma duk abu mai ɗumi da ka sa a ciki daga jarin yake ci. Ruwa lita 10 da ya sha rana ya kai digiri 35, kafin ya sauko digiri 5 sai ya narkar da ƙanƙara kusan kilo 4, tun ba ku fita daga Daura ba. Kular kanta in ta yini a ɗakin kwano, bangonta ya ɗauki zafi, shi ma sai ƙanƙara ta biya. Saboda haka daren tafiya ka sa mata 'yar ƙanƙara ta kwana da ita, da asuba ka zubar ka zuba sabuwa. Duk abin da zai shiga ya shiga da sanyinsa, nama kuwa a daskare.

Babban dunƙule ya fi ƙananan gutsattsari daɗewa nesa ba kusa ba. Abin da na fi so shi ne a daskarar da ruwa mai tsabta a manyan gorunan roba, a bar ɗan fili a wuya don kada su fashe, a jera su a ƙasa. Ba sa jiƙa kaya, kuma in sun narke ga ruwan sha. Fiya wata daskararre sai ya cike ramuka. Ƙanƙarar da ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba, ka bar ta a matsayin mai sanyaya kaya kawai, kada a sha. Ruwan da ya narke a kular lemo kada ka zubar, har yanzu yana da sanyi, ya fi iskar da za ta maye gurbinsa. A ta abinci kuwa ka riƙa tsiyaye shi in ya fara taɓa kaya, ɗanyen nama da kifi su kasance cikin mazubi mai murfi a can ƙasa. Abinci mai saurin lalacewa yana son digiri 5 zuwa ƙasa. A zafin Afrilu da ke kaiwa digiri 40, in ya yi sa'a guda a waje an shiga haɗari. Ƙaramin ma'aunin zafi na firiji ba shi da tsada, ka jefa ɗaya a ciki.

A mota kada ka ɗora kular kan ƙarfe tsirara. Shimfiɗa katako ko kwali, ka ɗaure ta tamau, ka lulluɓe. A gona ka nema mata inuwa, ka ɗaga ta daga yashi mai zafi, ka bi inuwar in ta juya. Buhun algarara jiƙaƙƙe a kanta yana taimakawa sosai a rani, saboda iskarmu busasshiya ce, ruwan yana tashi da zafin. Da wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi tukunyarsa ta cikin tukunya mai sanyaya abinci ba tare da lantarki ba, wadda ta ci lambar yabo ta Rolex a 2000.

Batun allurar Yaya, a nan ka kula sosai. Insulin da ba a fara amfani da shi ba yana son digiri 2 zuwa 8, kuma in ya daskare ya lalace ko da ya narke daga baya. Kada ya taɓa ƙanƙara ko daskararren gora. A sa shi a ƙaramin mazubi mai murfi, a naɗe da tawul, a ajiye a sama, kusa da ma'aunin zafin. Mafi alheri ma a yi masa ƙaramar kula tasa daban wadda ba a yawan buɗewa. Kafin tafiya Yaya ya tambayi likitansa ko mai ba shi maganin iya lokacin da irin nasa zai yi a waje bayan an fara shi, domin sun bambanta.

Kada ka ba da aron kular a zuba shinkafar biki mai tururi, zafin yana iya lanƙwasa robar ciki ya lalata robar baki. In kun dawo a wanke da sabulu da ɗan ruwan bilic, musamman bayan kifi, a bar murfin a buɗe ta bushe, a ajiye ta a ɗaki ba a tsakar gida ba. In babba ce mai maƙalli, a nisanta ta daga yara masu wasan ɓuya, don wanda ya shiga ba zai iya buɗewa daga ciki ba. Ranar da ka kawo ta gida, kafin ka jefar da rasit, ka cika rabinta da ƙanƙara ka rufe a inuwa, ka leƙa safe da yamma. In bayan kwana biyu babu sauran dunƙule, mayar masa da kayarsa.